Amsar da Ba Ta da Mai Ita: Tarken Littattafan Tambayoyi da Amsoshi na Jarrabawa

Akwai wani rukunin littattafai da nake ganin ya fi kowane ƙagaggen labari yawan masu karatu a makarantunmu, amma da wuya a ga manazarci ya ɗauke shi a matsayin rubutu ya yi masa tarke. Su ne littattafan tambayoyin jarrabawar baya da amsoshinsu, waɗanda ake kasawa a kan tebur a bakin ƙofar makaranta ko a shagon mai fotokwafi, takardarsu shara-shara, tawadarsu tana bin yatsa. Ɗalibi yakan karanta littafin adabi sau ɗaya, in ma ya yi ƙoƙari. Waɗannan kuwa da su yake kwana, ya ja musu layi, ya yi tilawarsu a cikin mota, ya riƙe su har bakin ɗakin jarrabawa. Abin da aka karanta haka ba ya barin mutum yadda ya same shi. Saboda haka ya cancanci a yi masa tambayoyin da ake yi wa kowane rubutu: wa yake magana a cikinsa, wane zubi ya zaɓa, kuma mene ne zubin ya tilasta masa ya bari a waje.

Littattafai uku ne a gabana. Ɗaya na Tarihi, ɗaya na darasin Gwamnati, wato fannin siyasa da tsarin mulki, irin na masu shirin WAEC da NECO. Da su na ci jarrabawa, ba kuwa zan yi musu butulci ba. Na ukun na ɗa'ar aikin akanta ne, na wata 'yar'uwata mai shirin jarrabawar ƙwararru. Da Ingilishi aka rubuta su duka, don haka ma'anarsu zan kawo, ba lafazinsu ba. Ba zan ambaci mawallafansu ba, domin kusan babu abin da ya raba wannan da wancan, kuma rashin bambancin yana cikin abin da nake son nunawa.

Zubin ɗaya ne ko'ina. Tambaya tana zuwa da sigar umarni: ambaci, lissafa, bayyana dalilai biyar. Amsa kuma tana sauka a jere, kowace gaɓa a layinta da lambarta, babu wadda ta jingina da 'yar'uwarta. Za ka iya ɗauke ta huɗu ka mayar da ita ta farko ba tare da komai ya motsa ba. A nan mai nazarin salo zai fara tsayawa. Kalmomin da ke ɗauke da tunani a cikin kowane harshe su ne ƙananan nan: amma, domin, duk da haka, sai dai, da a ce. Su ne ke nuna cewa wani dalili ya fi wani nauyi, ko ya haifi wani, ko ya ci karo da shi. Jerin lambobi ya kore su gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne gaɓoɓi biyar masu tsawo ɗaya da daraja ɗaya, domin kowace maki ɗaya ko biyu take ci.

Kada a ɗauka laifin na zubin tambaya da amsa ne. Zubi ne tsoho a ƙasar nan, mai daraja. Bayan Askiya Muhammadu ya karɓi mulkin Songai a 1493, ya aika wa Shaihu Al-Maghili tambayoyi, daga ciki har da matsayin Sonni Ali, sarkin da ya ƙwace mulki daga hannun ɗansa, da hukuncin dukiyar da ya bari, da yadda zai gane malamin da za a amince da shi. Mai tambayar yana cikin ruɗani na gaske, kuma amsar da zai samu za ta shafi rayuka da dukiyoyi. Mai amsar kuma ya sa sunansa, ya ɗauki nauyin abin da ya faɗa. Shekara ɗari uku bayan haka Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana kafa hujja da waɗannan amsoshi. Tambayar jarrabawa akasin haka take. Mai yin ta ya riga ya san amsar, tana rubuce a takardar rabon maki da ke hannun mai duba. Mai amsawa kuma ba abin da ya gani ko ya yarda da shi yake faɗa ba, ƙoƙari yake ya dace da abin da ke cikin waccan takarda. Amsa ce da ba ta da mai ita. Ba a cewa wane ne ya faɗa, ba kuma wanda za a kama idan ta zama ƙarya.

A ɗauki tambayar da kusan kowane ɗalibin Tarihi ya sani: dalilan jihadin 1804. Littafin da ke gabana ya kasa su kashi uku, na addini da na siyasa da na tattalin arziki, ya jera gauraya Musulunci da al'adun gargajiya, da zaluncin sarakuna, da yawan haraji irin su jangali, da dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa wa jama'ar Shehu. Babu ƙarya a ciki. Shehu da kansa ya yi ƙorafi a kan irin waɗannan haraji a cikin Kitabul Farƙ. Amma wanda ya karanta wannan amsa zai ɗauka al'amarin kamar lissafi ne: an tara dalilai, sun cika, sai jihadi ya fito, aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni, Alƙalawa ta faɗi a 1808, shi ke nan.

Su kuwa waɗanda suka yi jihadin ba haka suka rubuta shi ba. Wajen 1807 Abdullahi Ɗanfodiyo, ƙanen Shehu kuma jagoran yaƙin Tabkin Kwatto, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda abin da ya gani na son duniya da neman mulki a cikin mutanensu. A Kano aka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkam, sannan ya koma. Daga Borno kuma Shehu Muhammadul Amin Elkanemi ya aiko da wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla suna azumi, yana cewa saɓo daban, kafirci daban. Muhammadu Bello ya ba shi amsa, ya kafa hujja da taimakon da Borno ta ba sarakunan da suka yaƙi jama'a. Abin lura shi ne Bello bai ɓoye wannan muhawara ba. Shi ya adana ta a cikin Infaƙul Maisuri, har da maganar abokin jayayyarsa. Sai kuma Abdussalami, malamin da harin da aka kai wa mutanensa a Gimbana yana cikin abin da ya kunna wutar tun farko: bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi wa Bello tawaye daga Kware, ya rasa ransa a 1818. Mutumin da ke cikin dalilan jihadi ya ƙare yana yaƙi da daular da jihadin ya haifa. A wace lamba za a sa wannan?

Ba a sa shi, domin ba ya shiga layi ɗaya. Haka nan ba a sa cewa zuriyar sarakunan da aka kora sun kafa Maraɗi da Tsibiri da Abuja ta dā, wato Suleja, kuma a can ana ba da labarin nan da wata murya. Masana irin su Yusufu Bala Usman sun daɗe da ƙalubalantar karanta jihadin a matsayin faɗan Fulani da Haɓe, amma sai ka tarar da wannan fassara ta maƙale a matsayin gaɓa ta biyar, kusa da gaɓar da ke warware ta, babu mai ce wa wata uffan. Malaman Sakkwato sun bar mana tarihi mai cike da gardama da nadama da kare kai. Littafin amsoshi ya karɓi wannan gado ya mayar da shi abin da ba wanda ya taɓa yin shakka a kansa. Ina ganin wannan rage musu daraja ne, ko da an yi shi da niyyar girmamawa.

A littafin Gwamnati abin ya koma kan kalma guda. Tambayar ita ce: me ya sa mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya yi nasara a Arewacin Nijeriya? Amsar ta jera tsarin sarauta mai ƙarfi da aka tarar, da tsarin haraji, da kotunan alƙalai, da biyayyar talakawa ga shugabanni. Daga nan a kwatanta da Gabas, inda boren matan Aba na 1929 ya zama shaidar gazawa. Bahaushe zai ji wani abu a nan wanda mai rubutun Ingilishi bai ji ba, domin a harshenmu nasara da Nasara a rubuce abu guda ne, kuma tambayar ba ta faɗi nasarar wa take nufi ba. Ta riga ta yanke hukunci tun kafin ɗalibi ya ɗauki alƙalami. Aikinsa kawai ya kawo hujjojin hukuncin.

Biyayyar da ake lissafawa kamar ɗabi'a ce da aka haifi mutane da ita tana da tarihi. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku. Martanin da ya biyo baya, wanda dakarun sarauta suka sa hannu a ciki, ya shafe garin daga doron ƙasa. A shekarar ce kuma aka ci Haɗeja da yaƙi aka kashe sarkinta. Sarakunan da ba a gamsu da su ba aka tuɓe su: Alu Babba na Kano ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja, can kuma aka kai Aliyu Ɗansidi na Zazzau, wanda ɗaliban adabi suka sani da waƙa. Shirun da ya biyo bayan wannan shi littafin yake kira biyayya. Ko a ƙarshen zamanin ma, a watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano don adawa da tsarin En'e, a cikin watan kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan NEPU ba ne, ya tashi a majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin garambawul. Littafin ya san NEPU, amma a wani babi daban, ƙarƙashin jam'iyyun siyasa, da nata jerin manufofi biyar. Ba a bari babin nan biyu su haɗu.

Akwai kuma salon jimlar. Kusan kowace gaɓa an gina ta ne ba tare da mai aiki ba, irin abin da Hausa ke yi da an da aka: an gabatar da tsari, an haɗe Arewa da Kudu a 1914, an karɓi haraji. Wanda ya karɓa, da wanda aka karɓa daga hannunsa, da abin da ya faru da wanda ya kasa biya, duk sun ɓace a cikin wannan an.

Adalci ya sa a faɗi abin da ke gefen waɗannan littattafai. Yaron da makarantarsa ba ta da ɗakin karatu, malamin Tarihi kuma sai an yi sa'a, wannan ɗan littafi shi ne tsaninsa, kuma da yawa daga cikinmu ta kansa muka hau. Mawallafin ma ba shi ne marubucin gaskiya ba. Takardar rabon maki ce take yi masa shifta, ita kuma an tsara ta ne domin dubban masu duba takardu su ba da maki iri ɗaya, wanda shi ma wani nau'in adalci ne. Hadda kuwa ba abin kunya ba ce a wurinmu. Sai dai a makarantar zaure, wanda ya haddace matani yakan zauna gaban malami a warware masa, ya ji inda malamai suka saɓa. A nan haddar ce farko, ita ce ƙarshe.

A Tarihi da Gwamnati, illar wannan zubi a kan fahimta take tsayawa. A ɗa'ar aikin akanta kuwa tana bin mutum har ofis, shi ya sa littafi na uku ya fi damuna.

Abin da ke cikinsa daidai ne ƙwarai. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin akantoci irin su ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, suke koyarwa sun samo asali ne daga kundin ɗa'a na akantocin duniya, kuma ginshiƙansa biyar ne: gaskiya da riƙon amana, rashin son zuciya wajen yanke hukunci, ƙwarewa da kula da aiki, riƙe sirri, da kame kai daga abin da zai zubar da mutuncin sana'a. Abubuwan da ke yi musu barazana ma biyar ne: son kai, duba aikin da kai ka yi, zama mai kare muradin wanda kake bincika, sabo, da tsoratarwa. Tambayoyin sukan zo da ɗan labari: shugabanka ya umarce ka ka sauya wasu alƙaluma kafin a fitar da rahoton shekara, me za ka yi? Amsar kuma tsani ce mai hawa-hawa: gano ƙa'idar da abin ya shafa, gano barazanar, tattauna da shugaban, kai magana gaba zuwa kwamitin binciken kuɗi, nemi shawarar lauya ko ta ƙungiya, idan duk bai yiwu ba ka ajiye aiki.

Wannan ne kaɗai wurin da littattafan uku suka yi amfani da labari, don haka ya dace a auna shi da ma'aunin labari. Tauraronsa ba shi da suna, ba shi da iyali, ba ya biyan haya, ba wanda ya samo masa aikin da zai ji kunyarsa. Shugaban kuma mugu ne bayyananne, yana faɗin abin da yake so ƙarara. Matakin ƙarshe, ajiye aiki, tsawonsa ɗaya da na farko, makinsa ma ɗaya. Marubucin da ya kawo irin wannan a gasar ƙagaggun labarai, alƙalai za su ce masa bai san mutane ba.

Ga yadda abin yake idan ya faru da masu rai. A kamfanin sadarwa na WorldCom a jihar Misisipi ta Amurka, akwai wata akanta mai matsakaicin muƙami, Betty Vinson. A ƙarshen shekarar 2000 aka umarce ta da abokan aikinta su yi wasu shigarwa a littattafan kamfani domin riba ta kai abin da masu hannun jari suke jira. Ta san ba daidai ba ne, ta faɗa, har ta shirya takardar ajiye aiki. Wato ta hau tsanin nan kusan har ƙarshensa. Babban jami'in kuɗi na kamfanin, Scott Sullivan, bai tsorata su ba. Lallashinsu ya yi, ya nuna musu cewa matsala ce ta ɗan lokaci, shi ne kuma zai ɗauki alhaki. Albashinta ne ginshiƙin gidansu. Ta yi shigarwar sau ɗaya, da zaton ba za a sake ba. Aka sake. Daga baya dabarar ta koma rubuta kuɗin hayar layukan waya, wanda kashewa ce ta yau da kullum, a matsayin kuɗin sayen kadara, domin kada a cire shi daga ribar shekarar. Haka ta ci gaba wata bayan wata, har aka yi mata ƙarin girma.

A cikin kamfanin guda akwai Cynthia Cooper, shugabar sashen binciken kuɗi na cikin gida. Ita da 'yan sashenta suka riƙa bin alƙaluman da dare don kada a gane, Sullivan ya nemi ta jinkirta binciken, ta ƙi, ta kai magana ga kwamitin binciken kuɗi. A watan Yunin 2002 kamfanin ya bayyana cewa an karkatar da dala biliyan 3.8, adadin da daga baya ya kai kimanin biliyan 11. A watan Yuli ya durƙushe. Masu binciken waje da suka riƙa sa hannu a kan rahotanninsa su ne Arthur Andersen, waɗanda suka yi wa Enron aiki, inda a shekarar 2000 kaɗai suka karɓi kimanin dala miliyan 52, fiye da rabi na aikin ba da shawara, ba na bincike ba. Littafin 'yar'uwata yana kiran wannan barazanar son kai. Bahaushe ya riga shi da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a ganina karin maganar ta fi bayyana yadda abin yake kama mutum, domin ta san cewa bayan an ci ne dole take zuwa.

Da za a zaunar da Vinson da Cooper a ɗakin jarrabawa guda a ba su waccan tambaya, ina kyautata zaton maki ɗaya za su ci. Duk abin da ya raba su yana wajen takardar: yadda ake cewa a'a ga mutumin da yake yi maka magana da taushi, yadda sau ɗaya yake zama sau goma, yadda wanda ya riga ya sa hannu jiya yake ganin ba shi da bakin ƙi yau. Waɗannan su ne ainihin darasin, kuma irin abin da adabi ya iya riƙewa ne, jeri bai iya ba. Ba nisa ne da mu ba kuma: a 2006 aka gano an kumbura alƙaluman Cadbury Nigeria da biliyoyin naira, a kamfanin da ke da ƙwararrun akantoci ciki da waje, waɗanda babu shakka sun san ginshiƙan nan biyar.

Na tambayi 'yar'uwata ko a ajinsu an taɓa tsayawa a kan matakin ƙarshe, a ce to, bayan ka ajiye aikin fa? Ta ce lokaci ba ya isa, kuma ba a tambaya. Ita ce babba a gidansu, ƙannenta uku suna makaranta, kuma kowa a gidan yana jiran ranar da za ta karɓi takardar shaidar nan. Tana iya kawo matakan shida a jere ba tare da ta duba ba.

Vinson ta amsa laifinta a 2002. A watan Agustan 2005 kotu ta yanke mata wata biyar a kurkuku da wata biyar na tsarewa a gida. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, ya samu shekara 25. Majalisar Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta hana masu binciken kuɗi yi wa kamfanin da suke bincika wasu ayyukan ba da shawara. Duk wannan ya shiga manhaja. A shafukan ƙarshe na littafin da ke gabana akwai tambaya a kan durƙushewar manyan kamfanonin Amurka a farkon ƙarnin nan, an ce a kawo dalilai biyar. Na duba amsar: raunin sa ido, rashin 'yancin masu bincike, matsin lambar nuna riba, da sauransu. An ambaci WorldCom a gaɓa ta uku. Ba sunan Vinson, ba na Cooper.